Verna da Taurari Ashirin da Tara

Kowace Talata, tun kafin motar 'yan makaranta ta wuce, Verna Goossen ta riga ta buɗe ɗakin ƙasa na cocinmu. Za ta ɗora kofi, ta jona dutsen guga, ta zauna gaban baƙin kekenta na ɗinki wanda ya girmi ɗanta na fari. Kafin ta taɓa aikin kowa sai ta haɗa wasu ƙyallaye uku na banza, ta goge, ta ɗora rula a kai. In ɗinkin ya ci rubu'in inci cif, to aiki ya fara. In ya kauce da kaurin zare ɗaya, kofin nan zai huce a inda yake har sai ta daidaita keken. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta miƙa makulli, don yatsunta sun fara yi mata gardama.

Duk yarinyar cocinmu da za ta yi aure ana yi mata bargo mai taurari talatin. Mata talatin, kowacce ta ɗinka tauraro ɗaya na ƙyalle goma sha bakwai, ta sa sunanta da zare a tsakiya. Ranar biki sai a yi ta yabon mai wannan tauraro da mai wancan, ba mai tambayar wa ya haɗa aikin hannu talatin ya zama abu guda. Alhali kowane hannu da awonsa. Akwai mai ja, akwai mai saki, akwai irina da ke ɗinki ido ɗaya na kan talabijin. Verna takan karɓa ta ce, "Madalla, ya yi kyau," ta tafi da shi gida ta farke abin da ya karkace ba tare da ta gaya wa kowa ba. Na yi shekara goma sha biyar ina ɗaukar kaina gwana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne shekara uku da suka wuce, lokacin da aka sa auren 'yata Joelle bayan girbin alkama. Mahaifiyata, Frida, tana da shekara casa'in da ɗaya a lokacin. Ita ke riƙe da makullin nan kafin Verna, ita kuma ta koya wa Verna ɗinki. A zamaninta ba ta da sauƙi, a gaban jama'a take mayar wa mace tauraronta. Amma tun da Baba ya rasu ta daina fita. Ido ya yi rauni, abinci sai an yi da gaske, kullum tana kujerar bakin taga tana cewa amfaninta ya ƙare. Kwatsam sai ta ce ita ma za ta yi wa jikarta tauraro. Ta yanka shi daga shuɗiyar rigar Baba ta zuwa coci, ta yi wata biyu tana ɗinkawa da hannu. A cikin watannin nan ta koma cin abinci, ta koma yi mini faɗa, na san sauƙi ya samu.

Ranar da Verna ta jera taurarin a kan tebur, ni da Doreen Penner, abokiyar ɗinkinmu, muna wurin. Na Mama ya fi kowanne kyau, tsininsa takwas kamar an zana. Sai dai ya gaza sauran da rabin inci a tsawo da kuma faɗi. Nan da nan Verna ta gano dalili. Mama ba ta taɓa yarda da rula da rezar zamani ba. Da kwalayen awonta take yanka, waɗanda ta fitar daga akwatin takalmi tun tana amarya. Shekara saba'in fensir yana zagaye su, kowane zagaye yana cin bakin kwalin kaɗan kaɗan, ita ba ta sani ba.

Doreen ta ce, "To ai abu mai sauƙi ne. A kewaye shi da siririn ƙyalle ya cike."

Na ce, "Kin manta abin da Mama take kiran wannan? Facin raguwa. Ido ya tafi, amma babban yatsanta yana nan. Tana shafawa za ta gane."

"To a farke a sake yankawa mana."

Verna ta ce, "A sake yankawa da me? Abin da aka yanka ƙarami ba ya girma, rigar kuma ta ƙare."

Doreen ta ce, "Sai a yi matashin kai da shi, a ce mata don girmamawa ne aka ware shi."

Na san uwata. Za ta yi godiya, ta koma kujerar bakin taga, ba za ta sake tashi ba. Tsoro ya kama ni sosai. Verna ta dubi teburin, sannan ta ce, "Lois, je ki aro mini kwalayen nan. Ki ce mata ina so in ga yadda ake yi a da."

"Me za ki yi da su?"

"Ke dai kawo."

Kwana goma sha biyu suka rage a ɗora bargon a kan katakon da ake miƙe shi a yi masa ɗinkin ƙarshe. A rana ta huɗu Doreen ta kai wa Verna burodi gida, ita ce ta gani da idonta. Verna ta farke sauran taurarin ashirin da tara gaba ɗaya, ƙyalle ɗari huɗu da casa'in da uku, kowane tauraro a cikin farantinsa don kada su cakuɗe. Ɗaya bayan ɗaya take sa musu sitaci kada su miƙe, ta ɗora a kan awon Mama, ta aske bakin da kaɗan, ta sake haɗawa, ba ta taɓa harafi ɗaya na sunan kowa ba.

Doreen ta ce, "Verna, kanki ɗaya kuwa? Ashirin da tara suna daidai, ɗaya ya yi kuskure, sai ki bi mai kuskuren?"

"Wa ya ce miki kuskure ne? Dubi tsinin nan. A cikin talatin ɗin, nata kaɗai na rasa abin gyarawa. Ko ki zauna ki riƙe mini guga, ko ki ba ni wuri."

Doreen ta ajiye jaka ta zauna. Orie, mijin Verna, har yau yana ba da nasa labarin. "Kwana goma sha biyu ina cin burodi da man gyaɗa a tsaye, duk farantan gidan suna ƙarƙashin taurari. Ko da nake gwauro na fi haka cin daɗi."

Ranar ta zo, aka shimfiɗa bargon a kan katako, mata suka zauna kewaye da allurai. Na shigo da Mama tana dogara sanda. Ba ta gaida kowa ba, kai tsaye ta ɗora babban yatsanta a kan mahaɗar farko, ta bi layi tana shafa kusurwa bayan kusurwa. Da ta kai kan shuɗin tauraron sai ta tsaya, ta shafa gefensa huɗu, ta sake shafawa. Faci take nema, na sani. Ba ta samu ba.

Ta ce, "Verna."

"Na'am, Anti Frida."

"Wannan na kusa da nawa, na wace ce?"

"Na Lois ne."

"Lois tawa?" Ta sake shafawa. "To. Bana dai kun koyi awo. Shekara nawa ina faɗa muku."

Doreen ta tashi da sauri ta nufi tukunyar kofi, kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ni kam duka biyun na yi. Mama ta ja kujera ta ce a zura mata zare. Daga ranar ba ta sake fashin Talata ba, wata goma sha huɗu tana zuwa tana yi mana faɗa, har Allah ya karɓi abinsa. Ta tafi da yaƙinin cewa hannunta bai taɓa gazawa ba. Verna ta sa mun yi alkawarin yin shiru muddin tana raye, mun kuwa cika.

Verna, ke ce mai haɗa hannu talatin, wadda sunanta ba ya kan ko ɗaya daga bargunan da suka fita daga ɗakin nan. Ke ce kika rufa mana asiri shekara arba'in da ɗaya, muna ta karɓar yabon da ba namu ba. Bayan jana'iza na tambaye ki abin da ya sa kika ɗora wa kanki wannan wahala da yatsu masu ciwo. Ba ki ko ɗago daga keken ba kika ce, "Ita ta koya mini awo, Lois. Da wane baki zan ce mata nata ya gaza?" Na gode. Kin ba ni wata goma sha huɗu da uwata, kuma ba ni da abin da zan saka miki da shi sai wannan tonon silili.

Doreen ce za ta karɓi makulli. Ku matan da ke cewa ba ku iya ba, ku zo ranar Talata tun Verna tana leƙowa, ku zauna kusa da ita ku ga yadda ake riƙe rubu'in inci, ku ga kuma yadda ake karɓar aikin mutum ba a kunyata shi ba.

Bargon yana gidan Joelle. Ya gaza na sauran amare da inci uku a tsawo, mijinta kuwa dogo ne, duk lokacin sanyi sai ya yi ƙorafin ƙafarsa tana waje. Ya taɓa cewa ko za a kai wa Verna ta ƙara masa ɗan ƙyalle a ƙasa. Joelle ta ce ya nemi safa ya sa, wannan awon Kaka ne.