Makon da Shagonmu Ya Koma Kicin

Ko da na manta komai na shekarar da muka dawo Mubi daga gudun hijira, ba zan manta makon da wani shirin girki na talabijin ya ceci aikina ba.

Mu huɗu ne a ɗan shagonmu na haɗa manhaja, ni ne shugaba. Wani ƙaramin asibiti da katunansa suka ƙone lokacin da 'yan tada ƙayar baya suka riƙe garin ya ba mu aikin manhajar masu awon ciki. Saura kwana tara mu miƙa aikin, abin ko buɗuwa ba ya yi. Kowa ya duƙufa kan kwamfutarsa ba ya kula kowa, ni kuwa duk abin da suka rubuta sai na goge na sake. A lokacin gani nake ƙwazo ne. Likitan asibitin ya ce in muka gaza, masu haɗa manhaja na Yola zai kira.

Ranar Lahadi da la'asar na je gaida goggota a Lamorde. Na same ta tana kallon wani babban kuku a talabijin, yana farfaɗo da gidan abincin da ya durƙushe. Ba ta jin Turanci, amma ta fi ni gane abin da ake ciki.

"Ɗana, dubi mutumin nan," ta ce. "Tun ɗazu bai taɓa tukunya ba. Abinci kala talatin ya tarar, ya bar biyar. In ya yi magana kowa ya amsa. Kwano kuma ba ya fita sai an ɗanɗana."

Kunya ta kama ni, kamar da ni take.

Washegari na rufe kwamfutata. Cikin abubuwan da muka ɗora wa kanmu na bar uku: rajista, neman suna, ranar dawowa. Na ce kowace safiya kowa zai faɗi abin da yake kai, kuma aikin mutum ba zai wuce ba sai wani ya gwada.

Abokiyar aikinmu 'yar Michika ta tuntsure da dariya. "Oga, kicin muka koma ke nan?"

Na ce, "Kicin kuwa."

Kwana uku tsakani ta kira ni. "Oga, naka ne gishiri ya yi yawa." Ashe abin da ni na rubuta ne ke ɓatar da duk sunan da ke da harafi mai ƙugiya. Na miƙa mata, kafin azahar ta gyara.

Ranar gwaji, wata tsohuwar nas ta sa yatsa ɗaya ta danna sunan wata mai ciki daga Wuro Patuji. Nan take bayananta suka fito, har da ranar dawowarta. Nas ɗin ta rangaɗa guɗa, matan da ke layi suka leƙo. Likitan bai gaisa da ni ba sai da ya bi su ukun ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin zama na ƙarshe kamar ranar ba.

Tun daga nan na gane cewa shugaba ba shi ne wanda ya fi kowa iyawa ba. Shi ne wanda ya rage wa mutanensa kaya, ya sa su magana da juna, ya kuma yarda a ɗanɗana nasa.