Buhu Nawa Ne a Kan Bangon Habboba

Shekara biyu na yi ina karatun injiniyan gine-gine a Khartoum kafin yaƙi ya koro mu. Littattafaina suna can a kan tebur, in har teburin yana nan. Abin da na taho da shi Gadarif bai wuce kayan jikina ba, sai sunan da babana ya liƙa mini: bashmuhandisa, wato babbar injiniya. Ko mai gawayi ne ya tsaya a ƙofa, sai Baba ya gaya masa.

A gidan mahaifiyarsa muka sauka, wadda muke kira Habboba. Gida ne na mutum biyar, muka zama goma sha huɗu. Da aka yi girbi, Baffa, ƙanen babana, ya kawo dawa buhu goma sha shida, abincin gidan har wata shekara. Aka rasa inda za a sa ta, don ɗakin ajiya ya riga ya zama makwancin mata. Baffa ya taɓa yin gini kafin ya koma noma, shi ya ce a ɗaga ta sama a cikin ɗakin ajiyar. Ya samo dogayen ƙarafan rufi guda biyu, waɗanda a nan ake ce wa kamara, kowanne mita huɗu. Za a gitta su daga bango zuwa bango, a shimfiɗa katako, a jera buhunan a kai.

Sai dai bangwayen ba iri ɗaya ba ne. Na gabas jan bulo ne, sabo. Na yamma ginin ƙasa ne, kakana ya ɗora shi da hannunsa tun ba a haifi Baba ba, kuma a ɗaya gefensa, a ɗakinta, gadon Habboba yake, manne da shi.

Baba ya nuna ni a gaban kowa ya ce, “Ga bashmuhandisa nan. Ta faɗa muku ko zai ɗauka.”

Wannan shi ne lissafi mafi sauƙi a duk karatunmu: ƙarfe a kan matokara biyu, kaya a bisansa, nawa kowace matokara take ɗauka. Na ci jarrabawarsa ba tare da gumi ba. Amma da na zauna a inuwa da bayan wani kwali da fensir, sai na iske kaina wayam. Na zana ƙarfen, na zana kibiyoyi, na manta wacce ke kallon sama wacce ke kallon ƙasa. Amsa ta farko ta ce bangon yamma ba ɗaukar ƙarfen yake yi ba, janyo shi yake ƙasa. Ta biyu ta ba bangwayen buhu ashirin da huɗu, alhali sha shida muke da su. Na goge har kwalin ya huje. Na rasa ko yaƙin ne ya kwashe mini karatun, ko dama haddacewa kawai na yi.

Baffa ya tsugunna kusa da ni, ya daɗe yana kallon zanen a juye. Ya ce, “Ya bitti, 'yata, in ni da ubanki muka rataya jarkar ruwa a sanda muka saɓa, wa zai fi jin jiki?”

“Wanda jarkar ta fi kusa da shi, Baffa.”

“To khalas, shi ke nan. Me kuma kike gogewa?”

Na ji kunya, kuma na ji daɗi, don nan take abin ya dawo mini: nauyi sau nisa. In aka tara buhunan ta yadda tsakiyarsu za ta faɗa mita ɗaya daga bangon bulo, bulo zai ɗauki nauyin sha biyu, ginin ƙasa ya ɗauki huɗu kacal. Har na zana musu ƙarfin da ke son datse kamarar a bakin kowane bango, babba a gabas, ƙarami a yamma. Babu wanda ya kalla sai Baba. Na hau tsani da gawayi na ja layi a kan katakon, na ce kada buhu ko ɗaya ya ƙetare shi. Aka bi maganata. Watanni na yi ina shiga ɗakin nan ina ɗaga kai ba gaira ba dalili.

Sai damina ta sauka. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da rani ta dare har ƙafar akuya ta shige, da damina ta kumbura ta motsa duk abin da ke kanta. Wata safiya ina kakkaɓe shimfiɗar Habboba na ga garin ƙasa a kan matashinta. Na ɗaga kai. Tsaga ce siririya, ta taso daidai inda bakin kamara ya zauna, ta gangaro kamu biyu.

Na ruɗe. Buhu huɗu ba za su yi haka ba, ko kuwa za su yi? Na ɗauko kwalin na sake lissafi sau uku, huɗu yake ba ni. Sai a lokacin na yi tunanin hawa tsani. Layina yana nan, baƙi ƙirin, ba komai a gefensa na gabas. Buhunan duka sun koma yamma.

Habboba tana tsince wake a tsakar gida. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce kwanon rufi yana yoyo ta gabas, ita ta kira maƙwabta biyu suka ja su ranar da muka tafi kasuwa.

Na ce, “Habboba, ai na ja layi.”

“Na gani. Dawa ta jiƙe mu ci layinki?”

A cikin lissafina babu ruwan sama. Baffa ya hau ya liƙe rufin har sau biyu, ruwan ya sake hanya. Ba dama a mayar da buhunan, ba kuma ƙasan da za a sauke su. Na roƙe ta a janye gadonta daga bangon. Ta ce shekara hamsin bayanta yana jingine da shi, ba za ta guje shi don ya tsufa ba.

Baba ya same ni a gindin tsani. Ya yi ƙasa da murya ya ce, “Yanzu nawa ne a kansa?”

“Sha biyu, Baba.”

“Zai ɗauka?”

A nan na gane abin da ban taɓa lura da shi ba. A aji, matokara ɗan ƙaramin zane ce mai kusurwa uku, kuma ba ta tsagewa. An koya mini nawa ne yake sauka a kanta. Ba wanda ya taɓa gaya mini nawa bangon da kakana ya cuɗa da laka da ciyawa zai iya jurewa bayan ya sha ruwa. Baba bai sake tambaya ba. Ranar bai kira ni da sunan nan ba, abin kuwa ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Baffa ne ya saro itace mai kauri guda biyu, ya kafa su a kan faffaɗan dutse, ya tokare kowace kamara kamu ɗaya daga bangon ƙasa. Ya buga ƙusa, ya karkaɗe hannu ya ce tamam, ya yi daidai. Kowa ya saki ajiyar zuciya ban da ni. Ƙarfe a kan matokara biyu na sani. Yanzu sun zama uku, wannan kuwa darasin zangon da za mu shiga ne a watan da harbi ya fara.

Habboba ta leƙo ta dubi itacen, ta dube ni.

“To injiniya, yanzu buhu nawa ne a kan bangon kakanki?”

Na ce, “Ban sani ba, Habboba. Ba mu kai nan ba.”

Ta ce ba komai, ta koma kan wakenta. Ni kuma na shiga ɗakin mata na naɗe tabarmata, na kai ta ɗakin Habboba, na shimfiɗa a gindin gadonta inda zan riƙa ganin tsagar.