Sani da na'urar jirgin Alhaji

Jiya Sani, ƙanin marigayi mijina, ya zo gaishe ni yana ta tsaki. Shi ke tuƙa ƙaramin jirgin saman wani Alhaji. An ce ya zaɓi na'urar nuna hanya kafin Juma'a, ya rasa wadda zai ɗauka.

Ya ce, "Matar Yaya, ɗaya shafa fuskarta ake yi kamar waya, ɗaya mai madannai."

Na ce, "Ɗauki mai madannai, ranar tsoro hannu rawa yake. Da yayanka ya faɗi, ina ta shafa waya in kira ka, sau uku ina kiran mai kifin bakin gada."

"Ya ɗauka?"

"Har tarwaɗa ya kawo mana gidan makoki."

Muka yi dariya har da hawaye. Nan take ya kira Alhajin, ya ce mai madannai zai ɗauka.

Allah Ya jiƙan Malam. Ku in kun ruɗe, yatsunku na jin magana?