Baba Zuberu da Harafin da Ya Sadaukar

Da ya sha kokonsa da ƙosai, Baba Zuberu sai ya rataya jaka ya nufi tashar Yendi. Yau motar doya ta kai shi Salaga, gobe motar albasa ta sauke shi a Bawku. Ba ofishin da bai san bayan ɗakinsa ba, domin can ake jibge kwamfutocin da suka mutu. Ya tsuguna, ya kwance, ya shinshina. Abin da ya yi ƙauri ya bari, mai sauran rai ya saya da araha. Yana naɗe kayan a ganye kamar yadda kakanninsa suke naɗe goro, wai kada hanya ta jijjiga su. Mun sha yi masa dariya, amma ba abin da ya taɓa fashewa a jakarsa.

A 1998 na ga aikinsa da idona. Mma Atikatu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, da tsohuwar kwamfuta take buga wa makarantun Bawku tambayoyin jarrabawa da Turanci. Ana saura mako guda, harafin A ya daina bugawa. Kibod ɗin, wato allon haruffan, tsohon yayi ne, ba mai sayar da irinsa. Hedimasta ya ce in ba ta gama ba, garin Bolga zai kai aikin, kuma ba zai dawo da shi ba.

Baba Zuberu ya je Yendi, ya je Salaga. Ya samo biyu, duka A ɗinsu ya mutu. Ya dawo ya zauna yana kallon nata.

"Ƙanwata, sai mu ciro na ƙarƙashin wani harafi mu ba A," ya ce.

"To, Baba, cire Q mana."

"Q na kwashin ne, wato tambaya, X na lissafi. Z za mu cire. Ni kaɗai zan yi asara a garin nan."

Ya narka dalma, ya ciro, ya dasa. Mma Atikatu ta danna, A ya fito, ta fashe da kuka tana dariya. Jarrabawa ta fita a kan lokaci, kuma har yau aikin yana hannunta.

Kai ne, Baba, mai tayar da abin da aka jefar. Ba ka taɓa ce wa talaka ya je ya sayi sabo ba. Yanzu ido ya yi rauni, ka ce za ka ajiye jaka, kuma wallahi za mu yi kewarka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Matasan Zango, ku je ku zauna kusa da shi tun yana iya nuna muku.

A shagon Mma Atikatu na buga wannan jinjina, da tsohon kibod ɗin nan. Duk inda Z ya zo, injin ya bar gurbi, har a farkon sunanka, ita kuwa ta karɓi takardar ta ce ba wanda zai cike shi da biro sai ita.