Sista Asabe da Tsohuwar Sudan

A kamfanin jimar fatun da na yi aiki a Challawa akwai wani ɗan ɗaki bayan ofishin manaja, inda ake ɗaure rauni a ba da maganin ciwon kai. Mai ɗakin sunanta Asabe, amma Sista kowa yake ce mata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Sai da sinadari ya ƙone mini hannu na yi ta zarya wurinta, sannan na ji tarihinta kaɗan-kaɗan.

Iyayenta mutanen wani ƙauye ne a kudancin Kano, cikin waɗanda suka karɓi addinin Kirista. Uwarta ta rasu da wuri. Mahaifinta, Malam Uba, ya taho birni ya sami gadi a wani kamfanin barguna a Bompai, suka kama ɗaki a Dakata. Da ta tasa ita ma ta shiga kamfanin, tana kalmasa bakin bargo. Ranar da inji ya kama yatsun wata abokiyar aikinta, mata suka watse suna salati, Asabe ce ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure hannun, ta tallafe ta a bayan mota har asibitin mishan. Wata Baturiya mai jinya ta ga ɗaurin, ta tambaye ta ko tana son koyon aikin. Haka ta bar bargo.

Wajen 1978 aka yi sanarwa a coci cewa ana neman mai jinya da ta iya Hausa a wani ƙaramin asibitin mishan a gabashin Sudan. Akwai Hausawa da yawa a can, zuriyar waɗanda suka tasam ma Makka a ƙasa suka yada zango ba su ƙarasa ba. Asabe ta ce za ta je.

Mahaifinta ya ce, "Ki je. Amma ki sani can ba ki da kowa."

Ta ce, "Ubangiji yana can, Baba."

Ya ce, "Yana can mana. Ni maganar wanda za ki ci tuwo da shi nake yi."

Asibitin jerin ɗakuna ne masu rufin kwano, da likita guda, Bature. Da safe a yi addu'a da Turanci, daga nan sai allura, wankin gyambo, karɓar haihuwa, da masu tarin fuka da ba sa ƙarewa. Turawan da ke aiki a asibitin ba su wulaƙanta ta ba. Tebur ɗaya suke cin abinci, sai dai hirarsu ta garuruwansu ce da ƙanƙarar ƙasarsu, ita kuwa ta ci dafaffen dankalinta ta tashi. Hausawan garin in suka ji Hausarta sai fuska ta washe.

"'Yar ina ce ke?"

"Kano."

"Kano! Allahu Akbar! Me ya kawo ki cikin Nasara?"

In ta gaya musu ita ma Kirista ce, sai murnar ta ragu. Za su gaishe ta, su gode mata, amma ba ta tuna ranar da aka gayyace ta suna ko biki ba.

Tana cikin shekara ta huɗu aka kawo wata tsohuwa a kan jaki, ƙafafunta sun kumbura. Sunanta Mairama. Tana yarinya iyayenta suka baro wani ƙauye kusa da Ringim da niyyar hajji, suka mutu a hanya, ita ta girma a Sudan, ta yi aure, ta binne miji da 'ya'ya. Ita ba ta ja da baya ba da ta ji addinin Asabe. Ta dai dube ta, ta ce, "To, kowa da nasa. Ke 'yar nan, har yanzu ana yin daddawa a gida?"

Asabe ta yi dariya, ta ce, "Ana yi, Iya. Kuna so?"

Tana da ragowar wadda ta zo da ita, ta bushe ƙamas a cikin gwangwani. Akwai itacen kuka a bayan asibitin. Ta tsinko ganye ta shanya ta daka, ta kaɗa miya, ta tuƙa tuwon dawa. Mairama ta kai loma biyu ta ajiye, ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe ta ce gishiri ya yi kaɗan.

Tun daga ranar, in Asabe ta tashi aiki sai ta jawo kujera gefen gadonta. Ta taɓa ba ta labarin Yesu. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Annabi Isa ai na san shi. Amma in lokacina ya yi, ki juya ni alƙibla, ki kira mini liman. In kuma kin koma, ki gaida ƙanwata Amina, a wurin kaka aka bar ta."

Asabe ta cika mata biyun farko da hannunta. Likita ya ga liman a ɗakin mata, ya dubi Asabe, ya wuce. Da aka ɗauki gawar ta tsaya a bakin ƙofar asibiti, don ba ta san ko za a so ta bi su gida ba.

Labarin rasuwar mahaifinta bai iso ta ba sai bayan an daɗe da binne shi. Ta ƙarasa wa'adinta ta dawo a 1985. Ta tarar an rufe kamfanin barguna, ɗakinsu na Dakata kuma wasu baƙi ne a ciki. Ta shiga motar Ringim ta nemi ƙauyen Mairama. Wani dattijo ya ce ya taɓa jin an yi wasu da suka tafi gabas ba su dawo ba. Amina kuwa ta daɗe da rasuwa. Asabe ta isar da gaisuwar ga matar jikan Amina, wadda ta dama mata fura.

Bayan nan ne ta sami aikin Challawa. Mu leburori muna girmama ta, amma da tsakar rana ita kaɗai take cin abincinta a ɗakin magani. Na taɓa tambayarta ko ta yi da-na-sanin tafiyar. Ta ce, "A'a. Ni na ce zan je." Ta ci gaba da naɗa mini bandeji.

A 1989 kamfani ya rage ma'aikata, aka rufe ɗakin maganin. Ta ce mini mishan suna neman mai jinya a Chadi, kuma ta ba da sunanta. Ranar tafiyar na je tasha, ina zaton zan tarar da 'yan cocinsu. Ita kaɗai na gani zaune a kan akwatinta. Na ɗora mata shi a saman mota, ta ce in gaida iyali, in riƙa sa safar hannu a wurin aiki. Motar ba ta cika da wuri ba, ni kuma ina da aikin rana, dole na tafi na bar ta a zaune gefen taga.