Jan Biro

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Jan Biro, saboda jan biron da yake cika takardunsu da shi, har sunansa na gaskiya ya ɓace. Malamin kiɗa ne a kwalejin horar da malamai. Ajinsa na can ƙarshen baranda, ga fanka mai ƙara, ga tsohuwar fiyano da ake tokare ƙafarta da bulo.

Tsara waƙa mai muryoyi huɗu yake koyarwa, kuma abu ɗaya ne ba ya yafewa. A matakan sauti na do, re, mi, idan murya ɗaya tana kan do, ɗayar tana kan so, kada su tashi tare zuwa re da la. Haka ma tazarar takwas, daga do zuwa do na sama.

"In suka jera haka, ɗaya ta haɗiye ɗaya," in ji shi. "Mutum huɗu ka tara, kunne ya ji uku. Ina ka kai ɗayan?"

Yana da waƙarsa ta kansa, wadda ya yi shekara da shekaru yana gyarawa a teburin cin abinci. Matarsa takan ture takardun ta ajiye kwano.

"Malam, waƙar nan ta girmi autarmu, har yanzu ba ta fara tafiya ba."

Ya gama ta a shekarar da kwalejin ta yanke shawarar rufe sashen kiɗa. Aka ce za a rera ta ranar sallamarsa. Sai dai yawancin mawaƙan sun riga sun watse, mata da maza kaɗan suka rage. Tsohon ɗalibinsa da ke jagorantar su ya ga mazan ba za su iya riƙe nasu layin ba, sai ya ce su bi muryar mata kawai, daga ƙasa.

Jan Biro na zaune a sahun gaba. Tun daga layin farko ya ji abin da aka yi: tazarar takwas, daga farko har ƙarshe. Aka yi tafi sosai. Ɗalibin ya zo ya durƙusa.

"Baba, a yi haƙuri, ba yadda na iya."

"Ka kyauta," ya ce, idonsa a ƙasa.

A hanya matarsa ta ce wallahi waƙar ta yi daɗi.

Yanzu yana wuni a shagon ɗinkin babbar 'yarsa, yana kallon titi. Jinsa ya ragu. Likita ya ce a saya masa na'urar ji, ya ce a bar shi haka.