Hancin Yaya Murdo

Yayana Murdo Geddes mai gyaran famfo ne. Duk bututun da ya taɓa toshewa a garin Forres da ƙauyukan gefensa, da wuya in ba hannunsa ne ya buɗe shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga haƙuri da tsofaffi, ko ƙanƙara ake zubawa ka kira shi zai zo ba tare da ya yi maka tsaki ba. Na fara da wannan don kada a ce ban san alherinsa ba.

Kuma ba mashayi ba ne. Da mashayi ne da abin ya zo mana da sauƙi, don an san yadda ake yi da mashayi. Shi wiskin da zai zuba a kofi, giyar nan ta sha'ir, bai fi cokali biyu ba, amma kafin ya kai shi baki shayinka ya huce, ka sake dafa wani. Zai ɗaga kofin ya haska a taga, ya juya shi, ya cusa hanci, ya lumshe ido, sannan ya fara ba ka labarin gangar da abin ya kwana a ciki, da itacen da aka sassaƙa ta, da abin da aka taɓa zubawa a cikinta a wata ƙasa kafin ta iso nan.

Abin ya same shi ne yana da shekara arba'in da wani abu. An ɗauke shi aikin shimfiɗa bututu a wata matatar wiski a tsibirin Islay, ya yi rani guda a can, ya dawo da kwalba uku a jaka da wani sabon hali. Wiskin mutanen tsibirin hayaƙi ne zalla, don baƙar ƙasar fadama suke ƙonawa su busar da sha'irinsu. Tun daga lokacin Yaya Murdo ya yanke hukunci cewa duk wiskin da bai yi warin gobara ba, ba wiski ba ne. Mu kuwa a nan yankin kogin Spey muke, inda rabin gari ke ci daga matatun da ke yin mai laushi, mai ɗan zaƙi. Shi ne yake kiran nasu ruwan alawa, a gaban mutanen da ubanninsu suka tsufa suna mirgina gangunansa.

Wanda ya fi shan wannan magana Lachie mahauci ne, abokinsa tun firamare. Lachie wiskin garinmu kawai yake sha, iri ɗaya, wanda mahaifinsa ya sha.

“Kai da ka ƙare rayuwarka da hanci a cikin masai,” in ji Lachie, “yau kai ne za ka koya mana ƙamshi?”

“Hancin da ya san wari shi ya san ƙamshi,” Yaya ya ce. “Kai me ka sani ban da kitse?”

Haka suke kowace Asabar a bakin shagon naman, masu saye na tsaye suna jira.

Ni Ishbel ba na shan giya, ban taɓa sha ba, kuma wannan ne ya jawo mini. Wanda ya ɗanɗana ba ya tuƙi, saboda haka duk ranar da aka ce wata matata ta fitar da sabuwar kwalba, ko wani shago a garin Elgin ya samo tsohuwa, ni ce direba. Matarsa Effie ta daɗe da zare hannunta. Ta ce da ni, “Ni aurensa na yi, na yi iya nawa. Ke jininki ne, sai ki ƙarasa.” Na zauna a mota cikin ruwan sama a ƙofar matatu fiye da yadda zan iya tunawa. In na gaji na bi shi ciki, sai in tarar ya tsare yarinyar shagon yana tambayarta me ya sa kwalbar bana ba ta kai ta bara duhu ba, ita kuma tana ta murmushin neman ceto. Wani lokaci bayan duk wannan ya fito hannu rabbana, wai bai gamsu ba. Wani lokaci ya fito da biyu iri ɗaya, ɗaya ta sha, ɗaya ta ajiya, ta ajiyar kuma ba mai taɓa ta. Ɗakin da Effie ke ɗinki a ciki haka ya koma ɗakin kwalabe, keken ɗinkin ya koma kicin.

Ranar bikin 'yar ƙanwar Effie, uban ango ya karɓi kofin da Yaya ya zuba masa daga kwalbar da ya kawo ta musamman, ya cika shi da lemo da ƙanƙara. Yaya ya taso daga kujerarsa. Ya miƙa hannu ya ɗauke kofin daga gaban mutumin, ya ajiye masa ruwan lemo zalla, ya koma kujerarsa. Har yau dangin angon ba sa gaishe mu da kyau.

Shekarar da ya ajiye aiki wata muguwar mura ta kwantar da shi. Ya tashi, tari ya tafi, ƙarfi ya dawo, amma hanci bai dawo ba. Ba ya jin ƙamshin komai, abinci kuma duk ɗaya yake a bakinsa. Effie ta ƙona kunun safe har hayaƙi ya cika gida, yana zaune a kicin ɗin yana karanta jarida bai sani ba. Likita ya ce a yi haƙuri, wani yakan dawo, wani ba ya dawowa.

Da farko, gaskiya, ni da Effie mun ɗan ji daɗi. Aka yi Asabar ban tuƙa kowa ko'ina ba. Amma sai mutumin ya yi shiru. Ya daina zuwa shagon Lachie. Effie ta ce takan same shi a ɗakin kwalaben da rana tsaka, ya buɗe ɗaya ya kai hanci, ya daɗe, ya mayar da murfin. Ya rame, don ba ya cin abin kirki. Tausayinsa ya kama ni, kuma da wannan tausayin ne shi ma ya kama ni.

Wata ranar Lahadi bayan an taso daga coci ya ce in biyo ta gidansu. Na tarar ya jera ƙananan kofuna a tebur.

“Zauna, ƙanwata. Ba sha za ki yi ba. Shinshinawa kawai za ki yi ki gaya mini.”

“Yaya, daga coci nake.”

“Ai hanci ba ya karya doka. Ɗauki na farko.”

Na ɗauka. Hawaye ya zubo mini.

“Me kika ji?”

“Giya.”

“Na san giya ce, Ishbel, ni na saye ta. Bayan giyar fa?”

Na sake kai hanci. “Kamar an ƙona tayar mota a cikin asibiti.”

Sai na ga fuskarsa ta saki, karon farko tun da ya kwanta. “Ita ce,” ya ce a hankali. “Maganin ciwo da kwalta. Akwai gishiri a ƙarshe?”

“Ban sani ba, hancina ya mutu.”

“Huta kaɗan, ki shinshina hannun rigarki, sai mu je na biyu.”

Daga ranar na tashi daga direba na koma direba da hanci. A shago in aka miƙo masa ɗanɗano sai ya miƙo mini, mai shagon na kallonmu. In na ce warin tsohuwar igiyar jirgin ruwa, ya saya. In na ce wannan kam da daɗi, kamar tuffa, ya tura kofin gefe ya ce a ba yara. In na ce duk ɗaya nake jin su, ya yi fushi ya ce ba na mai da hankali, wai Allah ya ba ni lafiyayyen hanci ina wasa da shi. Na koma gida rigata na warin mashaya, har matar limamin cocinmu ta ja ni gefe ta tambaye ni ko akwai abin da ke damuna da zan so mu yi addu'a a kai.

Ana nan sai bazara ta shigo, hancin ya fara motsi. Ya kira ni a waya yana murna, wai ya ji ƙamshin sabulu. Ranar haihuwarsa Effie ta dafa miyar kifi da dankali, aka gayyaci Lachie, Yaya ya shiga ɗaki ya fito da ɗaya daga cikin kwalaben ajiya, ta tsibirin, wadda ta shekara goma sha takwas a ganga. Ya zuba wa kansa, ya haska, ya juya, ya kai hanci. Sai ya ajiye kofin da sauri, ya kalli Effie.

“Bututun kicin ya toshe ne?”

“Lafiyarsa ƙalau.”

Ya tashi ya duba ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya dawo, ya sake ɗaukar kofin. Ya kai hanci, ya ture shi gefe. Hancin ya dawo, amma a karkace ya dawo: duk abin da ke da hayaƙi, warin masai yake yi masa. Ya buɗe wata kwalbar, ya buɗe wata, duk haka. Lachie, wanda na zaci zai yi dariya, bai yi ba. Ya ci miyarsa, ya yi godiya, ya tafi.

Bayan kwana kaɗan Yaya ya shigo motata ya rufe ƙofa, ya ce mu je birnin Inverness.

“Me za mu yi a Inverness?”

“Akwai abin da zan saya.”

“Wanda babu a Elgin?”

“Akwai. Amma a Elgin an san ni.”

A hanya ya faɗa mini, yana kallon taga. Ashe ranar nan da Lachie zai tafi ya bar 'yar ƙaramar kwalbarsa ta aljihu a kan tebur, ko mantuwa ko ganganci. Yaya ya buɗe don ya tabbatar ita ma warin take yi, sai ya ji zuma, da busasshen inabi, da wani abu kamar kek ɗin da mahaifiyarmu ke gasawa a ƙarshen shekara. Ya ce ya daɗe a tsaye a kicin riƙe da ita. Na so in tausaya masa, amma ina tuƙa tafiyar da ba ta da dalili, zuwa sayen abin da ake yi a bayan gidanmu, ana iya hango bututun hayaƙin matatar daga tagar ban-ɗakinsa.

A Inverness ɗin ma ni ya tura ciki. Ya zauna a mota ya ja hula ya rufe fuska.

Ba a yi sati ba gari ya sani, don Effie ta fitar da kwalin sabuwar kwalbar cikin shara, mai kwasar sharar kuwa surukin Lachie ne. Asabar na je sayen nama, Yaya na biye da ni, shago cike.

“Murdo,” in ji Lachie yana goge wuƙa, “an ce yanzu alawa kake sha.”

Na ce a raina yau dai zai sunkuyar da kai, ko sau ɗaya a rayuwarsa.

“Sun gyara aikinsu,” Yaya ya ce. “Da can ba haka yake ba. Na ji alamar sun canza ganguna.”

“Ba abin da suka canza tun zamanin kakana.”

“Kai ina za ka sani, kai da kake haɗiye shi kamar magani? Shekara nawa kana sha, ka taɓa jin busasshen inabin da ke ciki?”

Lachie ya koma kan namansa. Yaya kuwa ya jingina da kantar shagon, ya shiga yi wa mahauci da masu sayen nama bayanin wiskin garinsu, wanda suka sha tun kafin ya san hanyar tsibiri. Ya ce hayaƙi ai rufa-rufa ne, wanda aikinsa bai yi kyau ba shi ke ɓoyewa a bayan hayaƙi. Da bakinsa ya faɗi haka, ko kunyata bai ji ba, ni da na sha warin taya wata da watanni saboda shi.

Mun yi zaton zai rabu da kwalaben tsibirin. Ya ce a'a, hancin da ya juya sau ɗaya zai iya sake juyawa. Yanzu iri biyu yake tarawa.

Makon jiya na raka shi wurin likita a duba hancin. Likitan sabon zuwa ne, matashi, mai fara'a. Ya haska, ya sa shi ya shinshina wasu 'yan kwalabe, ya ce an samu ci gaba sosai, a ci gaba da gwada ƙamshi iri-iri kullum don hancin ya saba. Na runtse ido, don na san yadda Yaya zai fassara wannan. Mun miƙe, har ya sa hannu ɗaya a rigar sanyinsa, sai ya juya.

“Likita, kai wanne kake sha?”

Likitan ya yi dariya. “Ni ban san bambancinsu ba, Baba. Duk wanda ya fi araha nake ɗauka, in zuba masa lemo.”

Yaya ya zare hannun daga rigar, ya rataye ta a bayan kujera, ya koma ya zauna. Ni kuma na fito. Akwai wata tsohuwa a kan benci da ƙafa a naɗe, ita ce ta gaba a layi. Na ce da ita in tana son shayi ta taso mu je, akwai lokaci.